Dutsen Gindin Mangwaro

Kawuna ne ya tayar da maganar, kuma cikin fushi ya tayar da ita. Ƙanin mahaifiyata ne, tsohon mai goge, ya haura tamanin. Tun da ƙafa ta fara ba shi wahala ɗansa ya ɗauke shi daga Birik, wato Briqueterie, unguwar da aka haife mu duka a nan Yawunde, ya koma da shi Etoudi, kusa da kasuwar shanu. Wata Asabar da hantsi ya yi niyyar zuwa duba ni. Ya tare mai babur ya ce a kai shi Gindin Mangwaro. Mai babur ya ce bai san wurin ba. Kawu ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Fillanci, ya haɗa da ɗan Faransancin da yake ji, duk a banza. Haka suka yi ta zagaye tsakanin unguwannin Madagaska da Mokolo, mai babur na tsayawa a gindin duk mangwaron da ya hango yana tambaya ko nan ne. Da ƙyar wani mai tsire ya gane Kawu ya kwatanta musu gidana.

Ya shigo yana dogara sanda, ko ruwan da na miƙa masa bai karɓa ba. Ya zauna a tabarma, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"'Yar nan, an shafe mu," in ji shi. "Mutum yana aikin babur a garin nan bai taɓa jin Gindin Mangwaro ba."

Na ce masa ai mai babur ɗin ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da aka sare bishiyar. Wannan bai sanyaya masa rai ba, ƙara tunzura shi ya yi.

Gindin Mangwaro fili ne a bayan gidan wani mahauci, katanga ɗaya ta raba shi da gidan da na tashi. Mahaucin mutum ne mai jiki da yawan dariya, wanda idan ya ji kalangu ba ya iya ci gaba da abin da yake yi. Shi ya kafa rumfar kwano a rabin filin, ya jera bencina, ya bar ɗaya rabin ga inuwar wani tsohon mangwaro da ba a san wanda ya shuka shi ba. Asabar da Lahadi, daga la'asar zuwa magariba, nan makaɗan unguwa ke taruwa. Akwai masu kalangu da ke bin mahauta, akwai masu gurmi da kukuma, akwai Kawu da gogensa. Fulani kan zo da garayarsu idan sun sauke shanu. Akwai kuma wani maƙwabcinmu mutumin Ewondo, ɗan asalin garin, mai kaɗa jita. Ba ya jin Hausa sai gaisuwa da cinikin nama, amma shi da Kawu sukan kama waƙa ɗaya su yi ta jan ta har mutane su manta wa ya fara. Ba a karɓar komai a ƙofa, ba a shigo da giya, kuma da ladan ya kira salla ake ajiye komai, ko da a tsakiyar baiti ne.

Alhamis ranar mata ce, ranar Goggo. Ba goggon kowa ba ce a cikinmu, amma duk unguwa haka ke kiran ta. Takan kife ƙwarya a cikin daro mai ruwa, 'yan amshinta su kewaye ta, ta ɗaga murya har a ji ta a bakin titi. Mahaifiyata mace ce mai kunya wadda ko a biki ba ta tashi, amma a nan na fara ganin ta ɗaure gyale a ƙugu tana rawa.

Mu 'yan mata ba a barin mu shiga a ranakun maza. Sai mu kife turmi a jikin katanga mu hau, mu biyu a kan turmi ɗaya, kowacce ta riƙe kafaɗar 'yar'uwarta. Daga nan na ga ranar da nunannen mangwaro ya faɗo daidai kan gogen Kawu yana tsakiyar waƙa. Bai tsaya ba. Nan take ya juya waƙar ya shiga yi wa bishiyar kirari, yana cewa duk taron nan ita kaɗai ta yi masa liƙi. Mahauci ya yi dariya har ya zamo daga kan benci.

Ba rana ɗaya wurin ya mutu ba. Kaset ya zo, talabijin ta zo, matasa suka koma kallo. Mahauci ya rasu, 'ya'yansa suka watse, wasu Duwala wasu Garwa. Da aka zo faɗaɗa titi aka ci gaban gidan, magada suka sayar da abin da ya rage. Ni a lokacin na yi aure, ina fama da yara da shagon atamfa a Messa. Wata rana dai na biyo ta wurin na ga babu mangwaro. Yanzu bene ne mai hawa biyu a wurin, ƙasansa shagon tayil.

Don in kwantar wa Kawu da hankali a wannan Asabar ɗin, sai na ce masa ai akan manna allo a jikin tsofaffin gine-gine a cikin gari, a rubuta abin da aka taɓa yi a wurin, ina gani idan na je meri, wato ofishin magajin gari, yin takardu. Na ce mu ma za mu iya yin haka. Na faɗa ne kawai don ya sha ruwa. Ya kuwa sha, ya ci tuwo, ya tafi. Washegari bayan asuba wayata ta yi ƙara. Kawu ne, yana tambaya ko an manna. Kashegari ma haka. A kwana na huɗu na ga ba ni da sauran barcin safe muddin ban motsa ba, na yafa mayafi na tafi wurin mai unguwa.

Mai unguwa dattijo ne mai nutsuwa. Ya saurare ni yana jan carbi, fuska ba walwala. Ya ce maganar kiɗa a unguwa mai yawan masallatai irin tamu sai an bi ta a hankali, zai fara jin ta bakin liman. Na yi godiya na miƙe. Har na kai ƙofa ya kira ni, ya rage murya, ya tambaye ni ko har yanzu Kawu yana tuna waƙar nan da yake yi wa teloli. Ashe shi ma da ƙuruciya yakan sulale daga shagon ɗinkin mahaifinsa ya tafi saurare. Bayan kwana biyu ya aiko mini cewa liman ba shi da ta cewa, muddin ba a sa hoton mutum ba, kuma a haɗa da addu'a ga mamata. Takardar meri ya ce in bar masa. Saura mai ginin.

Mai shagon tayil mutumin yamma ne, daga ƙasar Bamileke, don haka da Faransanci muka yi magana. Ina ce masa na zo ne a kan maganar filin nan, fuskarsa ta canja. Ya shiga ciki ya fito da jakar takardu, ya fara baje mini su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, kowacce da hatiminta. Ya ɗauka ɗaya daga cikin magada ce ta dawo da rigima.

"Patoron, ba ƙasa muke nema ba," na ce masa. "Wuri muke so kamar faɗin tire a jikin bangonka."

Na ba shi labarin mahauci da rumfar kwano da Kawu. Sai ya fashe da dariya. Ya ce tun da ya buɗe shagon yake ganin tsofaffi suna tsayawa a gabansa, su kalli sama, su kalli ƙasa, su wuce. Shi a zatonsa masu son tayil ne da tsada ta tsorata, har sau biyu yana bin wani tsoho yana rage masa farashi. Ya ja ni bayan shago ya nuna mini wani baƙin dutsen marmara da kusurwarsa ɗaya ta ɓantare a mota. Ya ce ba mai saye, in ɗauka. Tambaya ɗaya ya yi mini, a ina daidai bishiyar take, don a manna shi inda ya dace.

Wannan tambayar ce ta sa na haɗa Kawu da Goggo a wuri ɗaya. Goggo tana nan Birik a wurin jikokinta. Bayanta ya rankwafa, amma bakinta bai tsufa ba. Ita da Kawu tun suna matasa ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ita tana cewa gogensa kukan akuya ne, shi yana cewa kiɗan ƙwarya wanke-wanke ne da aka sa wa suna. Duk da haka idan ɗayansu ya kwanta ciwo, ɗayan ne farkon zuwa dubiya.

Kawu ya tsaya a ƙofar shagon ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce nan gindin bishiyar yake, ya zauna a nan shekaru ba adadi. Goggo ta ce ƙwaƙwalwarsa ta bi ƙafarsa. Ta ce titi ya cinye bishiyar, ta kuwa taka ta shiga tsakiyar titi don ta nuna mana. Taksi biyu suka tsaya, masu babur suka shiga danna oda, ita kuma tana tsaye tana nuna kwalta da yatsa tana kiran Kawu ya zo ya gani. Ni na je na jawo ta.

Mai tayil yana tsaye yana kallon su. Da na fassara masa abin da ake musu a kai, sai ya ce mu biyo shi. Can ƙuryar sito, bayan kwalaye, akwai wani wuri da daɓen ya lotsa. Ya ce sau uku yana sa tayil a nan yana fashewa, magini ya gaya masa wani babban kututture ne ke ruɓewa a ƙasa. Wurin yana da nisa da ƙofar Kawu, yana da nisa da titin Goggo. Su biyun suka tsaya suna kallon ramin. Kawu ne ya fara magana, ya ce dama abin da yake nufi ke nan. Goggo ta ce ita ma. A hanyar komawa suka haɗu a kan cewa magina ne suka karkatar da ginin. Muka tsayar da shawara a manna dutsen a bangon waje, daidai saitin siton, inda mai wucewa zai gani.

Abin da za a rubuta ya fi komai cin lokaci. Muka taru a tsakar gidana wata Lahadi da yamma, ni da su biyun da wasu tsofaffi da labari ya kai musu. Ni aka ba biro, saboda ni na yi lakwal, wato makarantar boko. Kowa ya ce a sa sunayen makaɗa. Na fara rubutawa. Duk sunan da aka ambata sai ya jawo wasu uku: wanda ya koya masa, wanda ke yi masa amshi, da wanda zai ji haushi idan aka bar shi. Na cika shafi biyu ba mu kai ga masu kalangu ba. Shekarar da aka buɗe wurin ma ta gagara. Wani ya ce kafin a haifi ɗansa na fari, wani ya ce shekarar da ya fara zuwa Duwala a jirgin ƙasa, ba wanda ya san lissafinta.

Goggo ce ta yanke. Ta karɓi takardun daga hannuna ta ninke ta sa a ƙarƙashin cinyarta.

"Kada a sa sunan kowa, har da ni," ta ce. "A rubuta wurin, a yi wa matattu addu'a. Wanda ya sani ya sani."

Ba wanda ya yi musu, har Kawu. Ga abin da muka tsayar, Hausa a sama, fassarar Faransanci a ƙasa: Nan ne Gindin Mangwaro, gidan waƙa da kiɗa. A nan Hausawa da Fulani da maƙwabtansu suka yi wasa tare shekaru masu yawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Kawu ba ya karanta boko, sai da na karanta masa sau uku. A na ukun ya ce ba laifi.

Aka kwatanta mini wani mai sassaƙa rubutu a dutse a Madagaska, wanda ke yi wa Kiristoci duwatsun kabari. Mutumin Bamenda ne, Turancin buroka ya fi sauƙi a bakinsa, ni kuma zaman kasuwa ya koya mini shi. Na kai masa dutsen a taksi, na ba shi takarda, ya ce in dawo bayan mako.

Da na koma na lura yana kallona ta gefen ido, yana danne murmushi. Ya yaye buhun da ya rufe dutsen. Aiki ya yi kyau, haruffa farare tas a kan baƙi. Sai dai duk ƙugiyar da ke kan haruffanmu ya share ta. Ya ɗauka hannuna ne ke rawa wurin rubutu, ya gyara mini. Waƙa ta koma waka, kiɗa ya koma kida. Ina shirin yi masa bayani ya riga ni. Ya ce shi dai aikinsa ya yi, ba ruwansa, amma yana mamakin yadda hajiya mai mutunci kamata za ta kafa wa irin wannan gida dutse, har da addu'a.

Sai a lokacin na fahimta. Duk mazaunin garin nan ya san ma'anar gida. Waka kuwa a buroka tafiya ce, amma ita ce kuma kalmar da ake jifan mata masu zaman kansu da ita. Mako guda mutumin nan yana sassaƙa dutse yana ɗauka gidan karuwai muke tunawa. Faransancin da ke ƙasa, wanda ya ce gidan waƙa ƙarara, ya ɗauke shi rufin asiri ne.

Na yi dariya har sai da na zauna a kan wani dutsen kabari da ba a rubuta komai a kansa ba. Da na samu numfashi na karɓi alli na zana masa ƙugiyoyin a kan dutsen, biyar cif. Na furta masa waƙa, na furta waka, ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa har maƙogwaronsa ya yi zafi. Kunya ta kama shi, ya yi ta ba ni haƙuri. A gabana ya ɗauki kurfi da 'yar gudumarsa ya sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, harshe a waje. Da ya gama ya ja da baya ya duba, ya ce haruffan sun fi kyau da hularsu.

Da na ba Goggo labari ta ce da na bar shi yadda yake, da mun ga yawan tsofaffin da za su rantse ba su taɓa taka wurin ba.

Muka sa ranar Lahadi bayan la'asar. Kawu ya shafe mako biyu yana shiri. Gogensa ya daɗe a rataye, izgar ta tsittsinke, sai da ɗansa ya sa aka aiko da izgar doki daga Garwa a motar shanu. Ɗan ya gaya mini kullum da hantsi Kawu kan rufe ƙofa ya yi ta gwaji, idan an ƙwanƙwasa ya ce barci yake yi.

Mai tayil ya rufe shagonsa, ya sa magininsa ya manna dutsen tun da safe, ya kafa tamfol a gaban bango. Ni na rufe dutsen da turmin atamfa daga shagona. Masu tsiren layin suka kawo tsire da soyayyar agada ba tare da an tambaye su ba. Mun yi zaton tsofaffi ne kawai za su zo, sai ga teloli sun bar kekunansu, mata sun fito da yara a goye, masu babur sun jera a gefen titi suna tambayar bikin wa ake yi. Mai sassaƙa ma ya zo daga Madagaska cikin kwat, ya tsaya kusa da dutsen.

Ana shirin farawa wata taksi ta tsaya. Wata mata ta fito da wani tsoho siriri mai baƙin tabarau, ta riƙe hannunsa, jita rataye a kafaɗarta. Mai jitar nan ne, maƙwabcinmu na dā. Idonsa ya tafi, yana zaune a ƙauye wurin 'yarsa. Mai unguwa ne ya aika aka nemo shi bai gaya wa kowa ba. Kawu ya miƙe ba sanda. Ya kama hannun tsohon ya gaishe shi da Hausa, tsohon ya amsa da gaisuwar da bai manta ba, ya shafa fuskar Kawu ya ce da Faransanci ina haƙoran suka tafi. Aka fassara wa Kawu, ya ce a tambaye shi ina idanun.

Liman ya yi addu'a ya koma masallaci. Mai unguwa ya yi gajeren jawabi, ya kama atamfa ya ja, ta maƙale a ƙusa. Ya sake ja, ta ƙi. Mai tayil ya hau kujera ya kwance ta, aka yi tafi. Na karanta Hausar, 'yar mai jita ta karanta Faransancin.

Sannan Kawu ya zauna a tabarma ya ɗora goge a cinya. Ya gyara zama. Jan farko ya fito da wata ƙara da ta sa wani jariri kuka. Goggo ta buɗe baki za ta yi magana, na ga ta rufe. Mai jita ya karkata kai, ya lalubo wata waƙa da yatsunsa a hankali, ya yi ta maimaita farkonta kamar mai jiran abokin tafiya. Kawu ya bi shi. A zagaye na uku gogen ya daidaita. Ya ɗaga murya ya kama waƙar teloli, muryar ta dushe amma kalmomin suna nan daram. Na waiga na ga mai unguwa yana bin baitin da leɓe, carbi a aljihu. Goggo ta sa aka kawo mata daro da ƙwarya daga gidan da ke kusa. Ta ce ba za ta zauna tana ji ana ɓata waƙa babu kiɗan kirki ba. Tsofaffin 'yan amshinta biyu da suka rage suka matso. Yayyafi ya fara, ba wanda ya tashi. Na ga matan da muka hau turmi ɗaya da su, yanzu duk kakanni, mun sami kanmu a tsakiyar fili. Ni ma na yi rawa, a gaban surukina, ban kuma ji kunya ba sai da na koma gida.

Bayan kamar wata guda wani mutum ya kira ni daga Ngaundere. Ya ga hoton dutsen a waya. Ya ce mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya zauna a Birik, kuma a cikin kayan da ya bari akwai wani kaset da aka rubuta Mangwaro a jikinsa. Ya aiko mini da shi ta hannun wata fasinja. Samun rakodar da za ta kunna shi ya ɗauke ni kwanaki. A ƙarshe wani mai gyaran rediyo a Messa ya tono wata daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, ya juya kaset ɗin da biro, ya ce in yi addu'a kada ta cinye shi.

Na kira Kawu da Goggo gidana, ban gaya musu ko mene ne ba. Na danna. Da farko shuuu kawai ake ji, sai hayaniyar mutane, wani na kiran mai shayi, zakara ya yi cara daga nesa. Sai goge ya shigo, da kaifi, da gudu, da wata murya ta saurayi a bayansa. Kawu ya karkata kunnensa mai ji ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Wannan wane ne? Sauri ya yi masa yawa. Ba a koya masa haƙuri ba."

"Kai ne," in ji Goggo.

Ya ce ba shi ba ne, shi bai taɓa gudu haka ba. Goggo ta ce ta shekara talatin tana gaya masa yana gudu. Ya ce rakodar ce ke da sauri. Muka ci gaba da saurare har gefen ya ƙare. Da maɓallin ya tashi da kansa, Kawu ya share ido da bakin rigarsa, ya ce in mayar da shi farko, yana so ya tabbatar. Sau huɗu muka ji shi a ranar, shayi ya huce a kofuna. Da zai tafi ya sa kaset ɗin a aljihun gaba, ya sa ɗansa ya ɗauki rakodar. Sai da na bi su har bakin titi ina tuna musu cewa ta aro ce.